Yatsun Mato a Bangon Zaure

Ni dai ban taɓa zama a cikin Zauren Magina ba, kuma ban taɓa nema ba. Wurina bakin ƙofa ne, inda nake kafa kaskon ƙosai da tukunyar koko tun da maigidana ya rasu na baro Zinyau na dawo cikin garin Rano. Sunana Khadijatu, amma in ka zo kana neman Khadijatu za ka sha yawo, Gwaggo Dije kowa ya sani. Daga kan 'yar kujerata ba abin da ke wuce ni. Wanda ya shiga da fara'a da wanda ya fito yana huci duk ta gabana suke bi.

Kakanmu yana cikin waɗanda suka gina zauren, tun zamanin En'e, lokacin da maginan gari suka gaji da taruwa a gindin tsamiya, suka ce su da ke gina wa kowa abin kunya ne a ce ba su da inuwar kansu. Ƙasa ce zalla da azara. Bangon kauri gare shi, ko ranar da zafin bazara ya fi tsanani ka shiga ciki sai ka ji kamar ka leƙa randa. Yanzu shaguna sun kewaye shi, mai cajin waya a dama, mai siminti a hagu, 'yan acaɓa sun mayar da gabansa tasha. Su kansu 'yan ƙungiyar yawancinsu bulo suke ɗorawa. Amma har gobe a nan suke raba aiki, a nan ake sasanta wanda ya shiga wa wani aiki ta baya, a nan ake sanar da suna da rasuwa.

Zauren yana da ƙa'ida guda wadda ba a taɓa ta. An raba bangon gida-gida, daga wannan indararo zuwa wancan. Ta ciki kuma kowane rabo yana da dakali a jikinsa, nan ne mazaunin mai rabon. Duk shekara kafin ruwan farko ake yaɓe, kowane gida ya shafe nasa da hannun 'yan gidan, ba a ɗauko ɗan haya. Kafin ƙasar ta bushe sai mai dakali ya sa yatsun hannunsa na dama ya ja zane a daidai ƙirji, daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda yatsunsa ke waje, shi ke da mazauni a ciki. Gidan da ya bari ruwa ya doki rabonsa ba yaɓe, sai a ba wani dakalin. Ba mugunta ba ce, bangon ƙasa ne, in aka yi masa sakaci damina ɗaya sai ya fara zuba.

Rabon kakanmu yana hannun Mato. Mato taubashina ne, ubansa da uwata ciki ɗaya suka fito, don haka tun muna yara yake kirana baiwarsa, ni kuma ina ce masa ya je kasuwa ya nema. Uwarsa ta yi jinya yana jariri, uwata ta haɗa mu ta shayar, nono ɗaya muka sha. Kullum ina gaya masa da wannan nonon Allah ya tsare ni daga aurensa. Shi kuma ya ce shi aka tsare.

Da kakar bara ciwo ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo, yana jan ta da sanda. Bakin ma ya dawo, wannan kam har ya fi da. Hannun ne ya ƙi. Tun ranar da ya fara fitowa ya cusa shi a aljihun riga, ba wanda ya sake ganinsa. Kullum da safe yana zuwa ya zauna a dakalinsa ya tsoma baki a kowace magana, amma ya daina karɓar ƙosaina. In na miƙa masa sai ya ce ya karya a gida, ko ya ce mai ya yi yawa. Mutumin da a da sai na buge masa hannu da matsami yake barin bakin kasko. Na san dalili, ba zai ci da hagu a gaban mutane ba ne. Abin yana ci mini rai, amma na kama bakina, kuma duk wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne a wurina.

Da bazara ta kama, Bappa ya iso da amalanke daga rugarsu ta wajen Nariya, cike da kashin shanu. Shi ke kawowa duk shekara, su kuma magina su je su gyara masa rumbu, haka ubansa ya yi da iyayensu. Aka zuba a kan jar ƙasa da sassararriyar ciyawa, aka jiƙa, matasa suka naɗe wando suna takawa. Daga nan sai a bar kwaɓin ya yi ta kwana har ya ruɓe. Warinsa yana kore mini masu saye, duk shekara sai na yi musu tas a kai, duk shekara kuma sai su ce in yi haƙuri su ci gaba.

Bappa ya zauna shan koko, ya leƙa ciki ya hango Mato, sai ya rage murya ya ce, "Dije, bana wa zai yi wa ɗan'uwanki?"

Na ce, "Allah zai kawo."

Ya ce, "To, Allah ya kawo da wuri. Shanuna sun fara ɗaga hanci gabas."

Ran nan da hantsi Malam Shitu, shugaban ƙungiya, ya tsayar da Asabar ranar yaɓe. Ina jin su ta ƙofa. Kowa ya amsa, sai Mato ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Malam Shitu, nawa rabon ku ba Abdulganiyyu. Ya daɗe yana zama a tabarma, yana da hannu, yana da ladabi. Ni na ci zamanina."

Abdulganiyyu magini ne mai iyali, gidansu ba su da rabo a bangon, don haka tun da ya shiga ƙungiya a tabarmar tsakiya yake zama. Ya sunkuyar da kai ya ce shi fa bai nema ba. Malam Shitu ya ce a bari Asabar ta zo tukuna.

Na jira Mato ya fito, na tare shi da matsami a hannu.

Na ce, "Kai yanzu dakalin kakanmu za ka kyautar kamar goro?"

Ya ce, "Baiwa, ina ruwanki da maganar maza?"

"In ka bar dakalin nan ina za ka zauna? Gida za ka koma ka sa wa matarka Asma'u ido tana tankaɗe? Wallahi ba za ka ga ƙarshen damina ba, ita kuma ta huta."

Ya yi 'yar dariya, sannan ya dubi ƙasa. Ya ce, "Dije, ba zan zauna a mazaunin da aka bar mini don tausayi ba. Gara in tashi da kaina kafin a ɗaga ni."

Na ce, "Ba kana da ɗa ba?"

Ya yi tsaki. "Munzali? Wanda bai san bambancin kwaɓi da tuwo ba?"

Ya ja ƙafa ya tafi. Na bi shi da kallo, tausayi da haushi suka taru mini, na rasa da wanda zan fara. Kafin in waiwayo ƙosai ya ƙone a kasko.

Munzali shi ne ɗansa namiji tilo, acaɓa yake yi a Rurum, bai taɓa riƙe kayan gini ba. Na sa mai cajin waya ya kira mini shi, na gaya masa in Asabar ta yi ban gan shi a bakin zaure ba, kada ya ƙara kirana Gwaggo. Ya zo kuwa, Allah ya yi masa albarka. Sai dai da sabuwar riga ya zo, har da baƙin tabarau.

Ranar Asabar wurin ya cika. Kowane gida ya kama rabonsa, masu ɗauko kwaɓi suna ɗaukowa, masu shafawa suna shafawa, ana ta tsokanar juna. Mato da farko ya ƙi fitowa, sai da Malam Shitu ya aika masa. Ya zo ya zauna a bencin mai siminti, nesa da bangon, hannu a aljihu.

Munzali ya cire tabarau, ya ɗebo kwaɓi yana yamutsa hanci, ya shafa a bango a hankali kamar mai shafa wa jariri mai. Ƙasar ta sulale ta faɗo masa a ƙafa. Ya sake, ta sake faɗowa. Abokansa 'yan acaɓa suka fara shewa. Ransa ya ɓaci, ya ɗebo babba ya maka da ƙarfi, ta fantsamo masa a fuska. Da ƙyar ya samu wani ɓangare ya tsaya, har ya juyo yana murmushi, sai gaba ɗaya ya ɓantaro ya zube. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, don kowa ya ga Mato ya miƙa hannu yana laluben sandarsa.

Ban san lokacin da na sauke kasko daga wuta ba. Na ɗaure gyale a ƙugu na ce wa Munzali, "Matsa."

Uwata 'yar magini ce, ba a bar ta ta hau bango ba amma idonta ya hau, kuma abin da ta gani ta koya mini. A Zinyau ni nake yaɓe ɗakina da madafi da rumbu, don marigayi, Allah ya jiƙansa, in ka raba shi da garma ba abin da ya iya.

Malam Shitu ya taho yana goge hannu a riga. Ya ce, "Dije, wannan fa ba a taɓa yi ba."

Na ce, "Malam Shitu, wa ya haifi uwata?"

"Kakanku."

"To hannuna na haya ne?"

Ya shafa gemu, ya koma wajen dattawa suka yi ƙus-ƙus. Ya dawo ya ce, "Jinin gidan ce, a bar ta." Wani tsoho ya fara gunaguni wai duniya ta zo ƙarshe. Na ce masa ya je ya duba nasa rabon tukuna, ya yi ciki kamar mai wata tara.

Kuskuren Munzali busasshen bango ya shafa. Na sa shi ya kankare tsohon yaɓen da ya saki da fartanya, ya yayyafa ruwa har bangon ya sha. Sannan na fara daga ƙasa, in maka curi, in danne da tafin hannu, in ja sama. Da na kai inda tsayina ya ƙare, sai ga Abdulganiyyu ya gangaro da duro biyu ya ɗora katako a kai, ba wanda ya sa shi. Ya tsaya ya riƙe mini da kansa, shi da dakalin zai zama nasa in na kasa. Wannan abu ban manta masa ba. Asma'u kuma da labari ya kai mata, ta aiko mini da wani tsohon wando na saka a ƙarƙashin zani, na hau. Munzali yana cura ƙasa yana jefo mini, ashe wannan kam ya iya, ko ɗaya bai kauce ba.

Ina cikin aiki na ji murya daga bencin mai siminti.

"Wandona ne wancan?"

Na ce, "Na ubangida ai na baiwa ne."

Na ci gaba da shafawa. Can sai na ji, "Kauri ya yi yawa a nan." Ban kula shi ba. "Ke, ƙara ruwa, ba kya ganin yana tsagewa?" Muryar ta matso. Da na leƙo ƙasa sai ga shi tsaye a gindin duro, yana nuni da sanda. "Gindin indararo, Baiwa. Danna sosai, ta nan ruwa ke shiga. A'a, ba haka ba, cusa da babban yatsa."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Haka ya yi ta ba da umarni har la'asar, ya zage ni, ya zagi Munzali, ya haɗa da Abdulganiyyu wai duron yana rawa. Ni kuwa daɗi ya cika ni, don rabon da in ji wannan faɗan tun kafin ya kwanta. Kafaɗata kamar za ta cire, amma ban bari ya gani ba.

Da na sauko, iska ta fara kaɗowa daga gabas, hadari ya ɗan taso. Sauran gidaje duk sun ja zanensu. Namu ne kaɗai ya rage sumul, yana sheƙi.

Malam Shitu ya zo ya duba daga sama har ƙasa. Ya ce, "Yaɓe ya yi. Saura zane, kuma kun san ƙa'ida. Dije, in ke kika ja, dakali naki ne. In Munzali ya ja, nasa ne."

Munzali ya ja da baya ya ce shi ba zai zauna a wurin Baba ba, Baba yana raye. Ni kuma na ce ina da kujerata, ta ishe ni. Wani daga baya ya ce to Malam Mato ya ja da hagu mana. Malam Shitu bai ma kai ga amsawa ba, Mato ya ce, "Kakana bai gina shi da hagu ba."

Na matsa kusa da shi, yadda ba mai ji sai Munzali.

Na ce, "Fito da shi."

Ya ce, "Ba ya motsi, Dije."

"Na sani. Ni zan motsa shi."

Ya kawar da kai. Ya ce, "Ya rame. Ba kyan gani."

Na ce, "Da can ma yaushe ya yi kyau? Hannun da ya ƙare a satar mini ƙosai, ni za ka ɓoye wa? Mato, ƙasa tana shan iska. In ta bushe, duk wahalar nan da na sha ta tashi a banza, kuma wallahi ba zan yafe maka ba."

Ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya miƙa wa Munzali sandar, ya sa hannun hagu a aljihu ya ciro na daman.

Na dube shi. Ya tsotse, ya yi fari don rashin rana, yatsun sun lanƙwashe ciki. Hannun da na sani yana ɗaga tubali biyu a tafi ɗaya. Hawaye ya taho mini, na mayar da shi, don in ya gani zai mayar da hannun aljihu kuma ba mai sake fito da shi.

Abin da mutanen nan suka yi shi ya sa har yau nake ganin girmansu. Nan take kowa ya samu abin yi. Malam Shitu ya juya yana nazarin hadari. Abdulganiyyu ya kama gangara duro. Tsohon nan mai gunaguni ya tafi wanke ƙafa, ya kora 'yan acaɓa gaba da shi. Duk taron nan ba ido ɗaya a kanmu.

Munzali ya tallafe ubansa ta baya. Na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, na ɗora tafina a bayan hannunsa, na danna cikin ƙasar. Tana da sanyi, ta karɓa. Zanen gidanmu rabin da'ira ne, ɗaya na bin ɗaya, irin sawun da tsintsiya ke bari a tsakar gida. Na ja na farko.

Ya ce, "Daga kafaɗa ake ja, ba daga wuyan hannu ba."

Na gyara. Muka ja na biyu, muka matsa, muka ja na uku. Yana jan ƙafa, Munzali yana riƙe da shi, ni ina jan hannun, har muka kai ɗaya indararon. Ina jin numfashinsa a kunnena.

Sai a lokacin Malam Shitu ya gama da hadarinsa. Ya zo ya bi zanen da ido daga farko har ƙarshe, ya ce, "Yatsun Mato ne." Aka shafa fatiha, kowa ya kama hanyar masallaci.

Ba a daɗe ba ruwa ya sauka, mai ƙarfi kuwa. Washegari na fito da sassafe, kafin in ajiye kaya na zagaya na duba. Indararo ya zubar da ruwansa, yaɓe ko gezau. Na koma ina hura wuta, sai na ji ƙarar sanda. Mato ne, ya riga kowa. Ya ɗauka hayaƙi ya rufe mini ido. Ya tsaya a gaban rabonmu, ya jingina sandar, ya ɗago hannun dama da na hagu, ya saka yatsun cikin sawunsu. Suka zauna daidai. Ya ɗan tsaya a haka, sannan ya ɗauki sandarsa ya taho.

Ya ce, "Baiwa, na ukun nan ya karkace."

Na ce, "Hannun mai shi ne karkatacce."

Ya shiga ya zauna a dakalinsa. Da mutane suka taru na ji yana ce wa Abdulganiyyu ya tashi daga tabarmar nan ya dawo gefensa, dakalin yana da tsawo, kuma yana son mai miƙo masa buta. Can sai ya ɗaga murya.

"Dije, wai yau ba a soya ba ne?"

Na zuba a kwano na kai masa har bakin ƙofa, Abdulganiyyu ya karɓa ya ajiye masa. Hannun daman yana kan gwiwarsa, a fili, kowa yana gani. Ya yi bismilla ya sa hagu ya ɗauka. Ya ce mai ya yi yawa, ya cinye tas, ya miƙo kwanon a ƙara.